Annuri ko Zumunta

Asabar, 6 ga Satumba

Yau aka tara mu a filin lise ɗinmu, wato sakandarenmu ta Matameye, mu 'yan mata goma sha tara da muka ci bak, jarabawar gama sakandare, za mu tafi jami'a a Damagaram. Yayyenmu da suka riga mu can ne suka kira taron. Ashe ƙungiya biyu gare su, Annuri da Zumunta, kowace tana neman sababbi tun kafin a koma. Tsarin: ki ziyarci kowace, su yi hira da ke, ki jera su a takarda, wadda kika fi so a sama, su ma su rubuta waɗanda suke so. In an dace, sai a ba ki yaya, mai nuna miki hanya har ki saba.

'Yan Annuri sun yi anko shuɗi. Shugabarsu Safi, Faransanci kamar a rediyo. Ƙawata Sadiyya ta matse min hannu ta ce, "Najaha, nan ne wurinmu." Na ce in sha Allahu.

'Yan Zumunta kowa da kayanta. Yawanci daga Kurni da ƙauyukan Kance suke. Ban saurare su sosai ba, gaskiya.

Litinin, 8 ga Satumba

Na aro mayafin Sadiyya. Inna ta ce nawa me ya yi?

Laraba, 10 ga Satumba

Hirar Annuri, a gidan su Safi. Falo da fanka, su biyar a kujera, ni a gabansu. Da Faransanci suka fara. Ni da na fi kowa maki a ajinmu, sai harshena ya ɗaure. Safi ta tambayi aikin Baba. Na ce ɗan kasuwa ne. Astagfirullah. Baba gero yake nomawa, ranar kasuwa kawai yake kai buhu ɗaya ko biyu.

Sai ta ce me zan karanta. Na ce ilimin noma. Wata a gefe ta ce, "Duk wannan wahala don ki koma gona?" Suka yi dariya, ba ta mugunta ba dai. Ni ma na yi. Wannan dariyar tawa ce ta fi damuna.

Sadiyya ta fito tana murna, wai sun yaba takalminta.

Alhamis, 11 ga Satumba

Zumunta. Tabarma ƙarƙashin dalbejiya a gidan kawun wata, ga kunun zaƙi a bokiti. Na je ne don ƙa'ida ta ce a je. Wadda ta yi hira da ni Amatullahi ce, 'yar Kurni, shekararta ta uku a ilimin noma. Doguwa, muryarta kamar mai kiran wani daga nesa.

Ta ce, "Geronku ya yi bana?" Na ce ƙuduji ya cinye mana gefen gabas. Ta gyara zama. Wane iri Baba ya shuka, yana haɗawa da wake, yaushe yake cire ciyawar, kafin ta yi fure ko bayan? Sai da aka kira la'asar muka farga. Ban ma san hirar ke nan ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na rubuta Annuri a sama, Zumunta a ƙasa. Tare muka kai da Sadiyya.

Asabar, 13 ga Satumba

Sun ɗauki Sadiyya. Ba su ɗauke ni ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ban fita ba. Sadiyya ta zo ta ce za ta yi wa Safi magana, na ce ta bari. Ta yi ƙoƙari kada in ga farin cikinta, ni ma na yi ƙoƙari kada ta ga fuskata. Mun gaji mu duka.

Takardar Zumunta ta zo, sun ɗauke ni, Amatullahi ce yayata. Sun san su ne na biyu a takardata. Da wane ido zan je?

Laraba, 17 ga Satumba

Ban je ba, sai ita Amatullahi ta zo. Daga Kurni, a bayan babur ɗin wanta Isma'ila, da littattafanta na shekarar farko ɗaure da igiya. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce, "Inna, ƙanwata na zo gani." Inna har da kawo fura.

Na ce, "Yaya, kin san ba ku na fara zaɓa ba." Ta ce, "Ni ma Annuri na rubuta a shekarata. Kwana biyu ina kuka. Sha furarki."

Daga nan ta ce a kai ta gona. Ta shiga cikin ƙudujin da zanenta mai kyau tana tumɓukewa, tana nuna wa Baba a ƙone shi kada irin ya zuba. Baba da ba ya son a koya masa noma ya tsaya yana ta "to, Malama". Da muka dawo ya ce mini, "Irin wannan za ki zama?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Zama."

Asabar, 20 ga Satumba

Taron farko na Zumunta. Mu bakwai ne sababbi. An faɗa mana takardun da za mu haɗa, da inda mota take sauke mutum a Damagaram, da wadda za ta tarye mu. Najma 'yar Kance ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Na ce ta zauna kusa da ni a mota. Ni da ban san hanyar ba.

Talata, 23 ga Satumba

Sadiyya ta zo da gudu da hantsi. Wata a Annuri ta fasa, Yamai za ta tafi, gurbi ya samu. Safi ta ce in kira ta kafin magariba.

Na ce to.

Da rana na raka Najma ɗaukar hoto na takardunta, muka tsaya wajen tela, muka biya gidan wata daga cikin sababbin, ta nuna mana akwatinta. Yaya Amatullahi ta aiko a tambaya ko na fara karanta littafin ƙasa da taki. Na kai shafi na talatin.

An yi magariba ɗazu. Ban kira ba. Aiki ne ya yi mini yawa, ina ji.