Ɗakin da Aka Yi wa Fenti

Zuwa ga uwar Kumatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da jikata. Maƙwabciyata mai shago ce ke rubuta min, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara komai.

Ɗiyata, ko da ɗana ya sake ki, ni ban sake ki ba, shi ya sa nake gaya miki. Kin san an canza doka, yanzu alƙali ba ya miƙa yaro sai ya turo an duba inda zai zauna. To, tun da ɗan nawa direba ya ji haka ya haukace. Ɗakin da yake jibge tayoyi ya kwashe, ya yi masa fenti. Gado ya aro, labule ya aro. Har ƴar tsana ya saya, ya ce in murza ta a ƙasa kar a ga sabuwa ce. Da hannuna, wai. Kuma in matar kotu ta zo in ce duk ƙarshen mako Kumatu a nan take kwana. Mutumin da bai san ajin da take ba.

Abin ya tuna min da baya. Ranar da ubansa ya sake ni, daga bayana aka kwance shi yana shekara biyu. Ba wanda ya zo duba ɗaki. Da na sake ganinsa ya kai takwas, kansa duk ƙuraje, yana ce min baƙuwa. Yau shi ne zai yi wa wata.

Ki shafa min kan yarinyar.

Mamanki

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙonki ya iso, na gode. Ba zan roƙe ki komai ba, amma bai dace in ɓoye miki ba: asibiti sun yi min canjin wurin aiki, tafiyar kwana guda ce a mota. Idan aka bar min Kumatu, da ita zan tafi ƙarshen wata. Idan aka ba shi, na san ke za ki riƙe ta, kullum tana gabanki. Ki yi abin da za ki iya kwana da shi. Ba zan riƙe ki a rai ba.

Allah ya ƙara girma.

Ɗiyarki

Zuwa ga uwar Kumatu,

Ina gaishe ki. Ke ma ba ki da kirki, da kin bari na gama da kotu kafin ki gaya min. Kwana uku abinci bai wuce min ba.

Matar kotun ta zo jiya, tana ta toshe hanci don warin fenti. Shi kuwa sai washe baki yake. Ta ce, “Kaka, yaushe yarinyar ta fara kwana a nan?” Na dube shi. Na ce ko gyangyaɗi ba ta taɓa yi a ɗakin nan ba.

Tun lokacin bai ce min uffan ba. Da safe a bakin ƙofa ya ajiye min shayi, kamar wata mai cuta.

In kun tashi tafiya kada ki shigo gidan. Ki ce mai mota ya rage gudu a gaban shago, zan fito in tsaya. Ki zaunar da ita ta gefen taga.

Allah ya kiyaye hanya.

Mamanki