Saƙon Ummi, Sakan Goma Sha Ɗaya

Abhur, Jidda
4 ga Rajab

Yaya Mastura,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da kowa a Kano. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Ummi.

Kin ce tun rasuwa ban kira ba. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kafilina Abdulmohsen, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba ni tuƙin wata baƙuwa 'yar Rasha, Madam Zoya. Mawaƙiya ce ta wasan da suke kira opera. Wani tsohon littafin ƙasarsu suka mayar waƙa, ita take fitowa a uwar da ke mutuwa tana kiran ɗanta, shi kuwa yana can nesa. Dokarta biyu a mota. A kashe mukayyif, wato AC, wai sanyinsa na cin murya. Waya kuma a sa ta shiru, don a hanya take bita.

Ranar Talatar da Ummi ta rasu, da azahar, tana cikin wannan kiran, wayata ta yi haske. Ummi ce. Sau uku. Na gani da idona, na ce sai mun isa. Da muka isa, saƙonki na rasuwa na tarar.

Yaya, ta bar min saƙon murya, sakan goma sha ɗaya. Yau kwana ashirin ban buɗe ba. Tsoro nake in ji ta tafi da fushina. Kullum matar nan tana bayana tana kira da yaren da ba na ji, amma wallahi sunana nake ji. In ta kai wurin, hannunta yakan lalubi bayan kujerata, kamar yadda Ummi ta lalubi rigata ranar da aka mayar da ku Kano saboda rashin iƙama, takardar zama.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Ikrama

11 ga Rajab

Yaya Mastura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin 'yarki Ihsan? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya da safe suka yi gwajin ƙarshe. Madam ta sa aka bar ni bayan labule. Na ga ta yi kiran, ta faɗi, ta mutu. Aka tafa. Sai ta tashi ta karkaɗe riga, ta nemi ruwan ɗumi. Tasu uwar takan tashi, Yaya.

Na fita na zauna a mota, na rufe gilashi, na danna saƙon.

Numfashi ne da farko, da muryarki can baya kina neman mayafi. Sannan Ummi ta ce ta san ina aiki, kada in kuskura in ɗauki waya ina tuƙi, in na isa lafiya ta gode Allah. Halas, shi ke nan.

Na ji shi sau arba'in. Juma'a zan kira ki.

Ƙaninki mai kewarku,
Ikrama