Tukwanen Gidan Habu

Yaya Malam,

Gaisuwa mai yawa daga Dutse. Ina gajiya, ina iyali? Ya aikin Nasara a Lokoja? Mu duk lafiya, alhamdulillahi.

Inna ta so karɓe garkarka daga hannun ƙaninmu Habu. Ta ce wanda tsakar gidansa ta cika da fasassun tukwane da tulin taki ba zai riƙe amana ba. Jiya na raka ta gidan. Da ta leƙa tukwanen, kowacce dabino ne ya tsiro a ciki.

Habu ya ce, "Na garkar Yaya ne, Inna. Damina nake jira in dasa."

Ta yi dariya, ta ce a bar masa. Amma sai da ta sa shi shara.

A sa mu a addu'a, a gai da Yaya Binta da yara.

Ƙanwarka,
Ladi