Burushi Ba Ya Rufa Wa Hannu Asiri

Litinin, 6 ga Nuwamba
Yau ma ya yi. Ina cikin feɗe fugu, kifin nan mai dafi, wuƙa na dab da hanta, sai babban yatsana na dama ya kaɗa kamar wutsiyar kifi a kan katako. Ɗan kaɗan ne. 'Yata Chizuru tana naɗe wa wata mata kifi, ba ta gani ba. Na ajiye wuƙar na yi tarin ƙarya.

Ba a banza mu 'yan Osaka muke ce wa kifin nan bindiga ba. Dafin hanta ya ɗiga a tsoka, mutum ya kai gida ya ci da iyalinsa... ba zan ƙarasa ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Na je wurin Tokuji, abokina tun firamare, mai shagon mutum-mutumin roba a bayan kasuwa. Shekara da shekaru ina yi masa dariya, gardi da furfura yana wasan yara. Amma ya taɓa cewa siririn burushi ba ya rufa wa hannu asiri, maganar kuwa ta zauna mini. Gara in gwada hannun a ɗakina, a kan abin da ba ya kisa.

Na ce ya ba ni ɗaya, wai wani mai sayen kifina zan ba kyauta. Ya ce, "Kai Ginji? Kai da ko ƙayar kifi ba ka bayarwa kyauta?"

Ya haɗo mini kwali guda na mutum-mutumin da ba a harhaɗa ba, da fenti, da burushi, da wa'azi. Wai in wanke gutsattsarin da sabulu. In fara da shafen toka-toka don fenti ya sami abin kamawa. In tsinka fenti ya koma kamar madara, in shafa sama-sama, in bari ya bushe, in sake. Na ce to, to. Kifi ne ya koya mini aiki, shi kuwa ba ya jiran kowa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Na soke gutsattsarin a tsinkayen gasa kaza, na kafa su a jikin farin radish, wata saiwa mai kama da ƙaton karas. Na lafta shuɗi mai kauri a ƙirjin mutum-mutumin don in gama da wuri. Ya bushe da sawun burushi, sai ka ce an ja tsintsiya a laka. Laifin fenti ne wannan, ba na hannu ba.

Na zo jan farin layi a kafaɗa. Ya tafi kamar tsutsa.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Tsohuwa Fujie ta sayi yankakken fugu, mijinta na bikin ranar haihuwa. Na cire hanta da ƙwai, na jefa a bokiti mai kwaɗo yadda doka ta ce, na kulle, na mayar da makulli wuyana. Yatsan ya motsa sau ɗaya. Kafin in cire hantar ne ko bayan na cire? Na wanke tsokar har ta yi fari fat. Na yi mata murmushi, har da tsokanar ko tsohon yana da sauran haƙoran ci.

Kafin ne ko bayan?

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Duk motar asibitin da ta wuce sai in leƙa waje, ko gidan Fujie ta nufa. Ban ci komai ba. Chizuru ta ce ko mura ce, na ce warin fenti ne.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Fujie ta zo da ƙafarta, da bakinta. Ban taɓa murnar ganin mai ƙorafi haka ba. Wai kifin ya yi daɗi, amma yankan ya yi kauri, ba a hango zanen faranti ta cikinsa kamar da. Na ce ai don tsohon ya sami abin taunawa ne. Ta yi dariya. Chizuru ba ta yi ba. Ta ci gaba da goge katakon da ta riga ta goge.

Yarinyar nan ta daɗe da samun lasisin yankan fugu. Ni ne kullum nake ce mata sai baɗi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba
Na gaji da jira, na harhaɗa mutum-mutumin. Akwai wani baƙin ruwa da ake ɗigawa a tsagogin jiki, ya bi layi da kansa, siffa ta fito. Wannan ya yi mini, tunda ba hannuna ke jan layin ba. Na ɗiga har cikin gaɓoɓi, inda ban shafa komai ba. Na zo ɗaga masa hannu ya riƙe takobi, sai ƙas. Hannun dama ya ɓalle daga wuyan hannu, ya faɗo a tafina.

Na dama, kamar nawa. Na jima zaune ina kallonsa.

Asabar, 18 ga Nuwamba
Na kai wa Tokuji, na ce kayansa jabu ne. Ya duba, ya ce baƙin ruwan nan yana cin tsirarar roba, ya shiga inda gaɓa ta matse ya gaggautsa ta. Shi ya sa ake shafen farko, shi ya sa ba a yi a haɗe. Wai duk sabon shiga mai gaggawa sai ya karya hannu ko ƙafa. Ba ishara ba ce ke nan. Na ɗan ji sanyi.

Sai ya miƙo burushi ya ce in ja layi ya gani. Na ce ina sauri. Ya ce shagon kifi ba ya gudu.

Na ja. Ya gani.

Ya matso kusa. Ya kama hannayena ya haɗa wuyansu wuri ɗaya, gwiwar hannu a kan tebur, ƙaramin yatsa na tokare da ɗan'uwansa. Wai haka tsofaffin masu fenti ke yi, in hannu biyu suka yi rawa tare layi ba ya sani. Na sake ja, ya miƙe, sai ɗan kaucewa a ƙarshe. Ya ɗauki tsinken auduga ya goge shi tas.

"Ka gani, nan in hannu ya kauce auduga ce magani," in ji shi. "A wurinka da me ake gogewa, Ginji?"

Na ce masa ɗan banzan tsoho, mai sayar da wasan yara.

Talata, 21 ga Nuwamba
Na gwada haɗa wuyan hannu a kan fugu. Ba ya yiwuwa, hagu na riƙe da kifi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Na kankare shuɗin nan na sake. Toka-toka tukuna. Sama-sama, a jira, a sake. Ya kwanta sumul. Hannun na manne shi da gam, ba zai ƙara riƙe takobi ba, sai na rataya masa shi a baya. Bai yi muni ba.

Bayana ya ɗan riƙe da safe, shi ya sa na ce Chizuru ta yanka na Fujie. Bayan ne kawai. Na tsaya kanta ina neman abin faɗa, ban samu ba. Ana hango zanen faranti har da ƙananan furannin.

Ta ce, "Baba, makullin bokiti." Na ciro daga wuyana na ba ta. Ta zuba hantar, ta kulle, ta rataya a nata wuyan. Ban ce ta dawo da shi ba, hannuna duk ƙamshin fenti ne.

Tokuji wai yana da saƙo kusa da asibiti ranar Litinin, in ina so mu tafi tare. Maƙaryaci, hannuna yake so likita ya duba. Zan raka shi dai.