Bayan Widad Ya Karkace

Garin Hajj Abdalla, watan Rajab, 2006

Zuwa ga Yaya Attahiru, a Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan an fara shukar dawa, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma faɗa da awakin maƙwabta.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba, kan 'yarka Widad ne. Malamarsu, Ustaza Najwa, tana bayan sahun 'yan mata na sallar azahar a makaranta, da suka yi ruku'u sai ta ga gefe ɗaya na bayan Widad ya ɗaga ya fi ɗayan. Ni da na haife ta ban taɓa lura ba, kullum tana cikin mayafi. Na kai ta asibiti a birnin Madani, likita ya ce ƙashin bayanta ne ya karkace, in aka sa mata rigar ɗauri a Khartum yanzu da take girma za a iya tare shi, in ta gama tsawo kuwa sai dai wuƙa.

Ustaza ta ce bari ta duba sauran 'yan ajin, sai gari ya ɗauka. Maza suka taru a gindin masallaci suka ce ba mai leƙa bayan 'ya'yansu a fita da su bakin duniya. Baban Widad, ka san shi da jin kunyar mutane fiye da ciwon gidansa, ya cire ta daga makaranta. Ya ce ɗaukar ruwa a ka ne kawai ya jawo, ranar kasuwa ta farko bayan azumi zai kai ta wurin basir, mai ɗorin nan, ya ɗora mata ƙarfe mai zafi a gadon baya. Na yi kuka, na haɗa shi da Allah, Inna ma ta sa baki, ko gezau.

Kai ka ba shi aurena, maganarka kaɗai ba ya tsallakewa. Don girman ɗakin Allah da kake kusa da shi ka buga masa waya a shagon Hamid, ka ce a kai ta Khartum. Kada ka tsaya rubuto wasiƙa, lokaci zai ƙure.

Yarinyar nan yanzu ba ta sallah sai ta rufe ƙofa. Jiya ta kira ni ciki, ta sunkuya, ta ce in duba mata ko ya fara miƙewa. Na ce mata ya fara. Yaya, bai fara ba, ƙaruwa ma ya yi.

Ka gaida Fadimatu da yara, da ɗan garinmu Mahadi in kun haɗu. Inna na sa maka albarka.

Ƙanwarka mai jiran wayarka,
Huseina