Ranar Baftismar Bitrus

Damba, daren Lahadi, Oktoba 1998

"Ko da rarrafe ne, sai na zo baftismar ɗana." Baban Bitrus ne ya faɗa da bakinsa.

Yau aka yi a kogin Bunguɗu. Bitrus ya ɗago daga ruwa yana waige-waige, sai ni kaɗai riƙe da tawul. Ya ce, "Mama, ko motar su Baba ta lalace?" Na lulluɓe shi da tawul ɗin.

Uban yana Tsafe, wai yana koya wa zumuntar maza zama uba nagari! Dattijon ikilisiya ke nan. Ya haddace wasiƙun Bulus na Littafi Mai Tsarki, bai iya karanta fuskar ɗansa ba.

Da ya dawo ɗazu na gaya masa, nan da Asabar ya roƙi Bitrus gafara. In ya ƙi, Lahadi lokacin ba da shaida zan miƙe gaban jama'ar coci in faɗi abin da ya yi, da tawul ɗin a hannuna.