Dabinona ya faɗi, amma a rajistarku yana tsaye

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya liƙa wa itatuwanmu lamba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Allah ya ƙara girma.

Ni tela ne a tsohon gari, ina da ƴan dabinai a Ingal da na gada wurin mahaifina. Bara yaranku suka kafa wa kowane dabino lamba, suka ɗauki hoto. Suka ce an sa su a bulokcen, wata rajista ta cikin na'ura wadda abin da ya shiga ba ya gogewa. Wai masu masana'antu a ƙasashen nesa za su biya don itatuwanmu na shanye musu hayaƙi, sharaɗi kawai kada a sare. Na yarda, dama wa ke saran dabino mai rai?

Kukana na farko, ranka ya daɗe, ruwan kwari ya tumɓuke babban cikin dabinan. Yana kwance, ya bushe ƙayau, awaki na hawa kansa. Amma a salular wakilinku ga shi nan kore shar, wai har yau yana shan hayaƙi. Wannan dabino ya fi ni ƙwazo.

Na biyu, a nan ne raina ya ɓaci. Azarar ɗakin mahaifiyata ta tsage, rufin ya yi ciki. Mu nan idan dabino ya faɗi, gangar jikinsa ake tsagawa a yi rufi. Na kai mai gatari, wakilinku ya hana, wai itacen da ke raye a rajista ba a taɓa shi. Na roƙi a rubuta ya mutu, ya ce na'urar ba ta san gyara ba.

Na je bironku, wato ofishinku, sau biyu. Duk na tarar an ɗauke kuran, babu lantarki, injinku na ta aman baƙin hayaƙin man gazuwal don na'urorin su sha sanyi. Shi wannan hayaƙin, wane dabino aka rubuta masa?

Roƙona kaɗan ne. Ku turo mutum mai ido ya ga itacen, ku ba ni izinin tsaga shi. Hadari ya fara haɗuwa, tsohuwa kuma ta rantse ba za ta bar ɗakin da ta haife mu a ciki ba. Ina jin tsoro ƙwarai. Idan rufin nan ya rufta mata, shi ma ba ya gogewa.

Allah ya yi maka jagora, ya raya iyayenka ƙarƙashin rufi mai ƙwari.

Wassalam,
Wani tela, tsohon garin Agadas